Sunan Ƙofa ta Uku

Rana ta take tsaka a garin Nahardeya na bakin kogin Furat, irin zafin watan nunar dabino da ko kare ba ya yarda ya bar gindin bango, sai ga Mahlafta matar Yemar a bakin rumfar da Tabyomi ke matse man riɗi. Ba ta yi sallama ba. Mayafinta a karkace, ƙafafunta duk ƙura, ta ce, "Malam, abokinka ya sauka."

Tabyomi ya ajiye ludayin da ke hannunsa a hankali. "Ba ni da aboki a gidanku."

"To, maƙiyinka ya sauka. Tun hantsi. Ya ce in inuwa ta shige ƙarƙashin bango in zo in kira ka."

Su biyun nan su ne ɗaliban ƙarshe na babban malamin Yahudawa Rab Nahilai, tsohon da ya sauka zuwa ga Karusa, wato gadon sarautar sama, har sau huɗu ya dawo da ransa. Mu haka muke cewa, sauka, ko da yake sama ake dosa. Mutum ya yi azumi, ya tsarkaka, ya zauna a ƙasa ya cusa kai tsakanin gwiwoyi yana raɗa waƙoƙin yabo. Jiki yana nan, shi kuwa ya kama hanyar fadoji bakwai, ɗaya a cikin ɗaya, har gaban gadon sarautar Mai Tsarki. Kowace ƙofa da mala'ikan da ke tsaronta, kuma ba sa jin magiya, suna kawai suke ji. Sunan da ke buɗe maka in za ka shiga daban, wanda ke buɗe maka in za ka fito daban. Ba a rubuta su. A bakin kogi ake ba da su, daga baki zuwa kunne, sau ɗaya tak.

Tsohon ya san halin yaransa. Yemar mai tufkar igiya ɗan garaje ne, in ya samu duka goma sha huɗun zai tafi kafin gari ya waye. Don haka ya raba, ya ba Yemar bakwai na shiga, ya ba Tabyomi bakwai na fita, ya ce kada su taɓa sai furfura ta bayyana. In ranar ta zo ɗaya ya tafi, ɗaya ya zauna gefensa yana raɗa masa sunan kowace ƙofa a kunnen dama har ya fito. Kuma ba a banza na fita suka faɗa hannun Tabyomi ba. Tun yana yaro ake kiransa Rumbu, don duk abin da aka zuba masa yana nan. A zauren karatu in malamai suka yi gardama kan abin da wani magabaci ya faɗa, ba sa ɓata baki, sai su ce a kira Rumbu.

Shekara biyu bayan rasuwar tsohon, wata safiya Tabyomi ya tashi yana bitar sunayen a zuci kamar kullum, daga na bakwai zuwa na ɗaya. Ya zo kan na uku ya tarar babu. Bai yi zazzaɓi ba, bai faɗi ba, bai sha abin maye ba. Babu shi kawai, kamar haƙorin da ya fita cikin barci, harshe na ta komawa gurbin. Ya yi azumi, ya kwana bakin kabarin malaminsa, ya koma daidai inda aka ba shi sunan a bakin Furat ya tsaya cikin ruwa har ƙafafunsa suka yi fari. Shiru.

Abin da ya kamata ya yi a bayyane yake, ya je wurin Yemar ya ce, "Na manta." Amma mu kam, Allah ya shirye mu, ka kira mutum ɓarawo ya fi masa sauƙi da ka ce karatu ya zube masa, balle wanda duk girmansa a garin haddar ce. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. A wani bikin kaciya, gaban jama'a, Tabyomi ya miƙe ya ce Yemar jahili ne, hannun da ke murza kaba bai dace da ƙofar sama ba, kuma shi ba zai taɓa zama gefensa ba. Lissafinsa shi ne in babu mai fito da shi, Yemar ba zai shiga ba. Sau uku Yemar yana zuwa neman sulhu a jajiberin babban azumi, shi da aka zaga, sau uku ana rufe masa ƙofa. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan.

"Ya haukace ne?" in ji Tabyomi.

"Idonsa ne ke mutuwa," in ji Mahlafta. "Ya ce yana so ya ga abu ɗaya kafin duhu ya rufe. Kwana arba'in yana toya gurasarsa da hannunsa, ba albasa, ba tafarnuwa, ko rinannen zane ba ya kallo. Na ce masa, ku da ba kwa ga-maciji? Ya ce, bar Rumbu, fushinsa na baki ne, in ya ji ina ciki zai zo a guje."

Tabyomi ya goge hannuwansa. Ya rufe rumfa ya bi ta.

Sai da ya biya kogi ya yi wanka, don ba a shiga irin wannan ɗaki da man riɗi a jiki. Ya nutsa sau bakwai, ko da yake ɗaya ma ta isa, kowace nutsawa yana roƙo. Ya fito yadda ya shiga.

A ɗakin baya na gidan Yemar aka share ƙasa aka yayyafa ruwa. Mahlafta ta tsaya daga bakin ƙofa, nan ne iyakarta. A ciki Rab Sama, shugaban zauren karatu, yana zaune jikin bango da wasu dattawa biyu da labari ya kai musu, sun zo su zama shaidu. Tabyomi ya gan su, ya sunkuyar da kai. Yemar yana tsakiyar ɗaki, fararen kaya, kai tsakanin gwiwoyi, ƙashin bayansa a fili. Ya rame ƙwarai.

Ɗakin da sanyi. A waje bango na ƙona hannu, a nan kuwa numfashin dattawan na fita kamar hayaƙi. Ƙudaje sun taru a bakin ƙofa gaban ƙafafun Mahlafta, sun yi layi, ko ɗaya bai tsallako ba. Gefen rigar Yemar yana motsi a hankali, duk ta ɓangare ɗaya, alhali ba iska.

"Ka zo," in ji Rab Sama a raɗe. "Madalla. Tun ɗazu ya daina waƙa. Mun ji ya wuce ƙofa shida, a ta bakwai ya yi kuka, daga nan shiru."

Tabyomi ya durƙusa a damansa. Gashin Yemar a jiƙe yake, da ya taɓa sai ya ji ƙanƙara ce ƙanana-ƙanana suna narkewa.

"Rumbu." Muryar Yemar ce, amma ba daga bakinsa take fitowa ba. Kamar daga ƙarƙashin daɓe take tasowa, can nesa. "Ina jin warin riɗi. Ko kogin ma ya gaza da kai."

"Wawa," in ji Tabyomi, hawaye na zubo masa. "Tsohon banza. Wa ya aike ka?"

"Na gani, Rumbu."

"Me ka gani?"

"Labulen gaban gadon sarauta kawai. Gefensa. Ya ishe ni." Sannan ya ce, "Fito da ni, ƙafafuna sun gaji. Ga mai gadin ƙofa ta bakwai ya tare hanya, takobinsa a zare."

Tabyomi ya kai baki kunnensa ya raɗa suna na bakwai. Kada ku tambaye ni shi, ban sani ba, ko na sani ba zan faɗa ba. Leɓen Yemar suka motsa yana maimaitawa. Ƙasa ta ɗan girgiza, ƙura ta zubo daga azara.

"Ya kauce," in ji Yemar.

Haka suka yi ta bi. Tsakanin ƙofa da ƙofa akwai tafiya, Yemar kuwa ko a can bakinsa bai mutu ba. Ya ce yana taka wata gada siririya, a ƙasa kogin wuta ne ke gudu ba ƙara, kuma daga cikinsa mala'iku ke ɓullowa, su yi yabo sau ɗaya su koma su narke, wasu su taso. A ta shida ya ce masu gadin sun fi ganuwar gari tsawo, kowa da bakansa a ɗame, kibau na duban ƙirjinsa. A ta biyar akwai dawakai baƙaƙe daure a turke suna cin garwashi, ɗaya ya juyo ya shinshine shi. Dattawan suna ji, sun rufe fuskoki da mayafan addu'a. Kowane suna Tabyomi ya faɗa, ƙofa ta buɗe, sanyin ɗakin ya ragu kaɗan. Da aka wuce ta huɗu har yatsun Yemar suka fara motsi, Mahlafta ta ce wani abu a ƙasa-ƙasa ta dafe bango.

Shi kuwa Tabyomi kowace ƙofa da ta buɗe kusantar rami yake yi, ya kuma sani.

"Ga ta uku," in ji Yemar. Muryar ta matso kusa yanzu, kamar daga ɗakin maƙwabta. "Mai gadin wannan shi kaɗai ne. Ba takobi, ba baka. Tsaye kawai yake a tsakiyar ƙofa, ƙasan ƙafarsa ja wur." Sai ya ƙara da cewa, "Abin mamaki. Ba ni yake kallo ba."

"Wa yake kallo?" in ji Rab Sama.

"Ƙasa. Ta tsakanin ƙafafuna. Rumbu, ina jin kai yake kallo."

Tabyomi ya kai baki kunnen Yemar ya tsaya a haka. Ya sake bi daga na bakwai, ko gudun zai ja shi ya tsallake gurbin. Ya zo wurin ya tsaya cak. Ya bi daga na ɗaya ya hau. Nan ma ya tsaya.

"Ina jira," in ji Yemar. "Nan da zafi."

"Bari in numfasa."

"Numfasa."

A waje wani mai tallar kifi ya wuce yana kira, muryarsa ta yi nisa ta ɓace. Da Yemar ya sake magana, ba tsokana a ciki.

"Tabyomi, ɗan'uwana. In babu, ka ce babu. Ka tuna abin da Malam ya ce. Wanda hanya ta yanke masa, in mai tsaronsa ya faɗi gaskiya a fili, ana barinsa ya shiga sahun masu yabo, rai ya rabu da jiki lafiya. Ba mummunan ƙarshe ba ne. Na ga abin da na zo gani. Ba zan riƙe ka a zuci ba."

Tabyomi ya gane a lokacin cewa mutumin nan ya daɗe da zargin abin. Wataƙila tun ranar bikin kaciyar. Ya buɗe baki, kalmomin nan biyu, "Na manta," suna kan harshensa.

Sai Rab Sama ya yi 'yar dariya daga jikin bango. "Ji Yemar da wata magana. Rumbu ne zai manta? Sai dai in Furat ya ƙafe." Dattawan biyu suka gyaɗa kai cikin mayafansu. Tabyomi ya ɗaga ido ya ga Mahlafta a bakin ƙofa, ta haɗa hannuwa a ƙirji, tana dubansa da cikakkiyar yarda, irin yadda ake duban ungozoma.

A daidai nan wani suna ya zo masa.

Zan faɗi gaskiya a kansa, don shi ma daga baya bai ɓoye ba. Ya san ba shi ba ne. Sunan da ya ɓata gajere ne, yana tuna wannan, kuma da muryar Rab Nahilai yake zaune a kansa. Wannan dogo ne, mai nauyi, ba muryar kowa a jikinsa, kuma ba daga ciki ya taso ba. Ta kunnen hagu ya shigo, a shirye, kamar an miƙo masa. Amma zuciya ba ta rasa hujja. Ta ce masa, wa ya sani ko jinƙai ne aka yi maka? In ka ce babu, ya mutu tabbas. In ka faɗi wannan, wataƙila ya rayu. A ƙarƙashin wannan hujja kuma akwai ɗayar, wadda ta fi ƙarfi, wato mutum uku da ke zaune jikin bango.

Ya raɗa shi a kunnen Yemar.

Leɓen Yemar suka yi jinkiri, sannan suka maimaita. Ƙasa ba ta girgiza ba. Gefen rigar da ke motsi ya kwanta. Ƙudajen bakin ƙofa suka tashi gaba ɗaya suka bar gidan.

"Yemar?" in ji Tabyomi. "Ya kauce? Ga na biyu, saurara."

Bai kai ga faɗa ba, Yemar ya ɗago kai. Ya miƙe tsaye daga zaunen da yake, ba dafa ƙasa, ba nishi, mutumin da ya yi kwana arba'in yana azumi. Ya dubi ɗakin kusurwa-kusurwa, da idanun da sa'a ɗaya da ta wuce ba sa bambance fuska da fuska. Ya dubi Tabyomi ya ce, "Tabyomi ɗan Zabda. Ka kira, an amsa."

Mahlafta ta rangaɗa guɗa tana kuka. Rab Sama ya rungume Tabyomi ya sumbaci kansa, yana cewa ko a zamanin magabata bai ji an tsallake ƙofa biyu da suna ɗaya ba. Kafin la'asar labari ya gama gari. Aka yanka ɗan akuya, aka kawo dabino da kifi da giyar sha'ir, tsakar gida ta cika. Aka shimfiɗa wa Yemar tabarma a inuwa, ya tsaya gefenta. Aka ce ya zauna, ya ce ya gode. Mutane suka ce ai wanda ya tsaya gaban Sarki, sai a hankali.

Ranar Asabar a majami'a aka ɗauki Tabyomi daga sahun baya aka kai shi kusa da akwatin littattafai, wurin manya. Iyaye suka riƙa turo 'ya'yansu su gaishe shi. Bai ji daɗin komai ba, idonsa na kan Yemar. Jama'a suka zauna don jin karatu, Yemar yana tsaye. Aka tashi, aka sake zama, yana tsaye, ƙafafu a haɗe, ba ya jingina, ba ya sauya ƙafa. Wani ya kira shi daga baya, bai waiga ba, sai ya juyo da dukan jikinsa. Kowane yaron da ya yi shekara ɗaya a zauren karatu ya san abin da malamai ke faɗa game da mala'ikun sama, cewa can ba a zama, ƙafarsu miƙaƙƙiya ce ba gwiwa, kuma ba su da ƙeya. Kowa ya sani, amma ba wanda ya haɗa wannan da mai tufkar igiya na unguwar masunta, sai mutum ɗaya.

Rana ta uku da tsakar rana Tabyomi yana rumfarsa, jakinsa na zagaya dutsen matse riɗi, sai jakin ya tsaya ya ƙi motsi. Yemar na tsaye a bakin rumfa. Tabyomi bai ji zuwansa ba.

"Shigo ka zauna," in ji Tabyomi, don ya ji abin da zai ce.

"Ba a yi ni don haka ba."

Tabyomi ya riƙe turken rumfa. "Wane ne kai?"

"Ka san sunana. Kai ka faɗe shi."

"Kai ka sa mini shi a kunne."

"Kana nema, ka buɗe kunne. Ba wanda ya tilasta bakinka." Babu fushi a muryar, babu kuma tausayi. Muryar Yemar ce sak, sai dai an cire mata dariya. "Akwai sunan da ke sa in kauce. Akwai wanda ke sa in zo. Ka faɗi na biyun."

"Ina Yemar?"

"A ƙofa. Ba a barin ƙofa ba mai tsaro. Na sauko, ya tsaya a wurina."

"Yana raye?"

"Ba a mutuwa a wurin."

Tabyomi ya tuna abin da Yemar ya faɗa, cewa ƙasan ƙafar mai gadin ja wur yake, cewa wurin da zafi, cewa ƙafafunsa sun gaji. Tun kwana uku ke nan. Ya ce, "Har yaushe?"

"Har a faɗi sunan. Ranar da aka faɗa a kunnen jikin nan, in kauce, ya wuce, in koma wurina."

"To faɗa mini shi. Don girman wanda kake bauta wa, faɗa mini. Kai ne mai ƙofar."

"Ba a ba ni shi ba. Ni dai in na ji shi, ina gane shi."

"Zan yi ta gwadawa, to. Duk abin da ya zo bakina zan faɗa, har in dace."

"Kada ka yi." Wannan karon ya matso taku ɗaya, jakin ya ja da baya har igiyarsa ta ɗame. "Ƙofofi suna da yawa, masu tsaronsu suna da yawa, kowa da sunan da ke kiransa. Garin nan kuma cike yake da mutane. In ba ka tabbata ba, rufe bakinka."

"In na mutu ban tuna ba fa?"

"Ƙofa tana da mai tsaro," in ji shi. Ya juya da dukan jikinsa ya tafi, ƙafafunsa ba sa tada ƙura.

Tabyomi ya daɗe a tsaye. Ya yi tunanin gudu, ya bi ayarin da ke tashi zuwa garin Tadmor mai nisa, ya yi tunanin faɗawa kogi. Daga baya ya kwance jakin ya ba shi ruwa, ya rufe rumfa, ya nufi unguwar masunta. A hanya mutum huɗu suka tsayar da shi suna gaisuwa, ɗaya har yana roƙon ya sa wa jaririnsa albarka.

Ya tarar da Mahlafta a tsakar gida tana tankaɗe garin sha'ir. Can ƙarshen gidan, ta ƙofar ɗakin baya, ana hango farar riga a tsaye tana fuskantar bango. Ba ta yi masa maraba irin ta ran nan ba. Idanunta sun faɗa, da gani ba ta yi barci ba.

"Malam," ta ce, ba ta daina tankaɗe ba. "Shekara talatin da huɗu ina aure da mutumin nan. Ba ya cin abinci sai ya yi ƙorafin gishiri. Ba ya wuce ni sai ya ja mini mayafi. Wancan kuwa komai na ba shi sai ya ce ya gode, in na dawo in tarar da kwanon wayam, ban kuma taɓa ganin ya kai hannu baki ba. Kwana uku bai kwanta ba." Ta ajiye rariya. "Kowa na ce mini in yi haƙuri, hasken da ya gani ne. Kai ba ka ce komai ba. Me ka dawo mini da shi?"

Ya gaya mata. Ya fara daga safiyar da ya tashi ya tarar da gurbin, ya bi ta bikin kaciya, da ƙofar da ya rufe sau uku, da sunan da ya shigo ta kunnen hagu, har abin da aka faɗa masa a rumfa. Da ya zo kan kalmomin nan biyu ya faɗe su a fili, "Na manta," sai ya ji ashe ba su da wani nauyi, ko numfashi guda ba su cinye ba. Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Mahlafta ta dube shi.

"Shi ke nan?" ta ce. "Abin ke nan? Da ka gaya masa tun farko, dariya zai yi maka. Wata guda zai yi yana tsokanarka, sannan ya sayo kifi ku ci." Muryarta ba ta tashi ba. "Ya ma ba ka hanya, ina ji da kunnena. Ya ce in babu ka ce babu."

"Na ji tsoron ya mutu."

"Kada ka yi mini ƙarya a gidansa."

Tabyomi ya ja da baya. Ya sulale ya zauna a kan turmin da ke kife gefen murhu, ya rufe fuska da hannuwa yana kuka irin na tsofaffi, ba sauti sai kafaɗu. Ya ce zai je gaban Rab Sama ya faɗa, zai faɗa a majami'a, zai koma bakin kogi kullum har sunan ya dawo ko ransa ya fita.

"Za ka yi duk wannan," in ji ta. "Gobe da safe za ka fara."

Ta ɗauki rariyarta, sannan ta dubi ɗakin baya inda farar rigar ke tsaye, ta dawo da ido kansa a kan turmin.

"Tashi, Malam," ta ce. "Yemar ma a tsaye yake."